Noma a ƙarƙashin sola: amsa ga Malam mai lambu a fadama

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa noma albarka. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana da lambu kamar eka ɗaya a fadama, kuɗin fetur na injin ban ruwa ya ishe ka tun da aka cire tallafi a 2023, kana so ka koma sola, sai ƙaninka ya nuna maka hoto a waya inda aka ɗaga fanel, wato faifan sola, sama kamar rumfa ana noma a ƙasansa, shine kake tambaya wai da gaske ne abin yana yi, inuwar ba za ta kashe shuka ba, kuma ko kai ma ka rufe lambun gaba ɗaya da fanel ka dinga cin wuta da amfanin gona a fili ɗaya.

Toh da gaske ne, ba hoton ƙarya bane, kuma ni a ganina mu nan ƙasar zafi mun ma fi Turawan da suka ƙirƙiro abin buƙatarsa. Amma maganar rufe lambu gaba ɗaya kam, dakata tukunna. Ni haɗa solar ban ruwa shine aikina, kuma a gidan noma na tashi, dan haka zan gaya maka yanda abin yake ta ɓangaren shuka da ta ɓangaren aljihu, dan ba kullum suke tafiya tare ba.

Tunanin ba sabo bane. Wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Adolf Goetzberger shi da abokin aikinsa Armin Zastrow ne suka fara rubuta shi tun 1981, suka ce me zai hana a ɗaga fanel kamar mita 2 daga ƙasa, a bar tazara tsakanin layi da layi, a ci gaba da noma a ƙarƙashi. Lokacin fanel tsada yake kamar zinare, maganar ta kwanta shekaru. Sai wajen 2004 wani injiniya a Japan, Akira Nagashima, ya fara haɗa nasa da bututun ƙarfe marasa nauyi, su kaga ƙasar noma ta musu kaɗan, duwatsu sun cinye yawancin ƙasar, ba za su iya sadaukar da gona dan wuta kawai ba. A 2013 gwamnatinsu ta yarda a dinga kafawa a gonaki amma da sharaɗi, amfanin da aka girbe kar ya yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka saba samu a yankin. Wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya nuna maka cewa su kansu sun san inuwa tana iya rage amfani. Faransa ma da ta fitar da nata ƙa'idar a 2024 cewa ta yi kar ya gaza kashi 90.

To me yasa wani lokacin inuwar take ƙara amfani maimakon ta rage? Kai da kanka ka san amsar, ba sai an kawo maka littafi ba. Ka shiga lambu da ƙarfe ɗayan rana a watan Afrilu ka kalli tattasai. Da safe ka ba shi ruwa, in ka tura yatsa a ƙasar har yanzu da danshi, amma ganyen ya langaɓe ya sunkuyar da kai kamar wanda ya kwana uku bai sha ba. Ba ƙishi bane a saiwa, rana ce ta fi ƙarfinsa. Ganye yana da iya hasken da zai iya ci, kamar ciki ne, in ya ƙoshi duk abin da ya ƙaru ba abinci bane zafi ne kawai, sai ya rufe 'yan ƙofofin da yake numfashi ta cikinsu dan kar ruwan jikinsa ya ƙare, in kuwa ya rufe to girma ya tsaya har sai la'asar ta yi sanyi. Tumatir kuma da zarar zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35 fure ya fara zubewa ba ya kama 'ya'ya, wanda ya riga ya kama kuma sai kaga gefen da ke kallon rana ya yi fari ya ƙone kamar an zuba masa ruwan zafi. Shi yasa tumatirin Kadawa da Kura yake cika kasuwa lokacin sanyi har a rasa mai saye, bazara na shigowa kuma kwando ya yi tashin gwauron zabi. Mu a bazara haske ba ya mana kaɗan, yawa yake mana. In fanel ya tsare kashi ɗaya cikin uku na wannan ranar ya maida shi wuta, abin da ya ɗauka dama shuka ba ta so.

Kuma ai manomanmu sun daɗe da sanin wannan. Rumfar kara da ake yi wa irin tumatir da attaruhu kafin dashe mecece in ba wannan ba? Ko ka duba gawo. Duk wanda ya yi noma a ƙasar Katsina ko Daura ko ya leƙa wajen Damagaram da Maraɗi ya san ba a sare gawo a gona, da rani yana da ganye yana ba ƙasa da dabbobi inuwa, da damina ya kaɗe ganyensa ya bar wa gero rana. Bambancin kawai gawo yana ba ƙasa taki kuma ya san lokacin da zai janye inuwarsa, fanel kuwa ba ya ba da taki kuma inuwarsa tana nan rani da damina, dan haka kai ne za ka yi masa tunanin da gawo yake yi wa kansa.

Gwaje-gwajen da aka yi ma abin da suka nuna kenan, inda ake zafi da ƙarancin ruwa nan abin ya fi kyau. A Jamus akwai wata gona a Heggelbach da aka kafa fanel na kilowat 194 a 2016, an ɗaga shi mita 5 dan manyan injinan girbi su wuce ta ƙasa. A 2017 da yanayi ya zo daidai, alkama da dankalin turawa da ke ƙarƙashi sun ragu da kusan kashi 18 zuwa 19 cikin ɗari. Sai 2018 ta zo musu da zafi da fari, a wannan shekarar na ƙarƙashin fanel ɗin ne suka fi na fili. Gona ɗaya, ƙarfe ɗaya, abin da ya canza kawai zafi ne. A jihar Arizona ta Amurka kuma, wadda hamada ce mai zafi irin namu, Greg Barron-Gafford da mutanensa na jami'ar Arizona sun fitar da sakamako a 2019: wani ƙaramin barkono da suke kira chiltepin ya ba da 'ya'ya ninki uku a inuwar fanel, ƙananan tumatir ninki biyu, wani barkonon kuma jalapeno 'ya'yansa kusan ɗaya ne da na fili amma ruwan da yake fitarwa ta ganye ya ragu da kashi 65. Ka lura fa ƙaramin fili ne na gwaji, kar ka ɗauki ninki ukun nan ka je ka ci bashi a kai. Wanda ya fi kusa da mu shine na gabashin Afirka, jami'ar Sheffield ta Ingila da abokan aikinta sun kafa ɗaya a Isinya cikin yankin Kajiado na Kenya, ɗaya a Morogoro ta Tanzaniya, tsayin mita 3, kabeji ya fi na fili girma, wake da ganyaye sun yi kyau da ruwa kaɗan, har masara ma ta yi, wanda ni kaina ya ba ni mamaki.

Shi ma fanel ɗin yana ƙaruwa. Mutane da yawa suna zaton zafi shine abincin sola, a'a haske ne, zafi rage masa ƙarfi yake. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna ne yana digiri 25, duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rasa kamar kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, kuma a kan kwano da bazara yana kaiwa digiri 60 har sama, ka taɓa shi da rana ka ji. In akwai ɗanyen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa a ƙarƙashi, tururin da ke tashi yana sanyaya shi. A na Arizona sun ga fanel ɗin ya fi na busasshen fili sanyi da kusan digiri 9 da rana. Ribar a wuta ba wani mai yawa bane, 'yan kaso ne, amma kyauta ce.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, dan nan ne hoton wayar ba ya faɗa maka gaskiya. Mu yi lissafi. Eka ɗaya murabba'in mita 4,000 ne da 'yan kai. Babban fanel na yanzu mai wat 550 tsayinsa kamar mita 2.3, faɗi 1.1, wato ya rufe murabba'in mita 2.6 kenan. Famfon da zai shayar da eka ɗaya a fadama inda ruwa yake kusa, yawanci fanel huɗu zuwa shida sun riƙe shi. Fanel shida murabba'in mita 16 ma bai cika ba, girman ɗaki ɗaya fa, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na lambunka bai kai ba. In kuma ka ce eka ɗin gaba ɗaya za ka rufe yanda ake yi, a rufe kashi ɗaya cikin uku a bar biyu, kana buƙatar fanel sama da 500, kusan kilowat 280, wanda a ranar Kano zai dinga ba ka sama da yunit 1,000 kullum. Wannan wutar ƙauye guda ce har da injinan niƙansa. Wa za ka sayar wa? A Jamus da Japan manomi yana tura wutar cikin babban layi a biya shi, shi yasa lissafinsu yake fita. Kai a bakin fadama ko turken wuta babu. Wutar da ba a sha ba kuwa ba ta taruwa a fanel ta jira ka, ta tafi kenan, sai dai batir, batir kuma shine ya fi komai tsada a harkar.

Dan haka shawarata a nan take: kar ka sayi fanel dan inuwa. In inuwa kawai kake so, ragar inuwa irin ta masu renon itatuwa ko rumfar kara da zana za su yi maka da kuɗi kaɗan. Ka fara da tambayar wuta nawa nake da aikinta, ka sayi fanel daidai wannan, sannan tunda dole dama sai ka ajiye shi a wani wuri, maimakon ka shimfiɗa shi a ƙasa ka kashe wurin ka kewaye da ƙaya, sai ka ɗaga shi ka ci inuwar. Fanel shidan nan in ka jera su da tazara za su ba ka wuri mai sanyi kamar murabba'in mita 40, kuma wallahi wannan ɗan wurin zai iya zama mafi daraja a lambun, nan za ka yi renon irin tumatir da tattasai da kabeji, nan za ka sa latas da lansir da na'a-na'a lokacin da na kowa ya ƙone ko ya yi tsiri ya yi ɗaci, nan za ka ajiye kwandunan da aka tsinka kafin mota ta zo maimakon su dahu a rana. Nan ma yaran aiki za su sha iska.

In kuma kana da wata sana'ar da za ta ci wuta, to sai rumfar ta faɗaɗa daidai da ita. Injin niƙa ko na casar shinkafa, firiza na ƙanƙara da ruwan sanyi, ɗakin sanyi na ajiye kayan gwari, ko ku haɗu ku goma ku ja ruwa daga rumfa ɗaya. Wanda ya fi dacewa da abin a ƙasar nan a ganina su ne masu kafa ƙananan tashoshin wuta na ƙauye, waɗanda dama suna da kwastomomi kuma dama sai sun nemi fili. In irinsu suka zo garinku neman fili, nan ne za ka ce a ɗaga ƙarfen ni in ci gaba da noma a ƙasa, a rubuta a takarda.

Maganar me za a shuka. Masu ganye da masu son sanyi su ne kan gaba, latas, kabeji, tattasai, attaruhu, tumatir na bazara, dankalin turawa. Citta da kurkum suna jure inuwa sosai, mutanen Kaciya da Jaba a kudancin Kaduna za su gaya maka. Gero, dawa, masara da rake kuwa jinsinsu daban ne, su ba sa ƙoshi da rana da wuri, iya abin da ka ba su iya abin da za su ci, kuma da damina ake yinsu lokacin da hadari ya riga ya rage haske. Na san na ce masara ta yi a gwajin gabashin Afirka, amma ko da za ta yi a nan, ka auna kuɗin buhunan da ɗan wannan fili zai bayar da kuɗin ƙarfen da ka kafa a kansa, ba ta biya. Alayyahu ma kar ganyensa ya ruɗe ka, ɗan gidan su masu son rana ne, ka sa shi a gefe inda haske ya fi yawa. Albasa da kankana ni ba na sa su a ƙarƙashi, albasa sai ta yi ta ganye kai ya ƙi girma, kankana kuma zaƙinta daga rana yake. Kuma ka sani da sanyi, Disamba da Janairu, rana ba ta da zafin da za ta cutar da tumatir ga hazo ya riga ya tare wani hasken, a wannan lokacin na inuwa zai iya yin baya da na fili, ya yi tsawo siriri ya makara wajen nuna. Ribarka tana daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar ruwa.

Yanda ake kafawa kuma, a nan mutane suka fi yin kuskure. Tsayi kar ya gaza mita 2 da rabi in da fartanya da hannu ake aiki, mita 3 ya fi, in shanun huɗa ko ƙaramar tarakta za su shiga to ka auna su tukunna. Tsayin ba dan kai kar ya bugu kawai bane, duk yanda fanel ya yi sama haka inuwarsa take yawo da yawa a ƙasa, ba ta zama wuri ɗaya ta danne shuka ɗaya tun safe har yamma. Kar a manne su kamar rufin kwano, a bar tazara, fanel ɗaya gurbi ɗaya ko gurbi biyu. Na fi son layukan su miƙe daga kudu zuwa arewa, dan da safe inuwar ta faɗa yamma, da rana ta dawo ƙarƙashi, da la'asar ta koma gabas, kowane tushe ya samu rabonsa na rana da na inuwa. In layin ya miƙe gabas da yamma sai ka samu wani zirin ƙasa kullum a inuwa wani kullum a rana. Akwai kuma abin da ba kowa ke lura ba: mu a daidai Kano rana tana bi ta tsakar ka ne wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, a lokacin inuwar tana ƙarƙashin fanel cif, amma a Disamba rana ta karkata kudu, fanel mai tsayin mita 3 inuwarsa da tsakar rana za ta faɗi kamar mita 2 can arewa da shi. Dan haka kar ka ja kunyoyinka da kallon inuwar rana ɗaya, kuma kar ka kafa a kan iyaka ta arewa inuwar ta faɗa wa albasar maƙwabci, rigima ce. Karkata fanel ɗin digiri 10 zuwa 15 ta isa, ko dan ruwa da ƙura su dinga gangarewa.

Sai ƙarfe. Malam, kuɗin abin nan a ƙarfe da kankare yake, kuma nan ne zuciya take raya wa mutum ya rage. Araha ba ta ado. Farkon fara aikina na bar wani mai lambu ya kawo mai waldarsa dan ya fi sauƙi, ni kuma na yi shiru duk da na ga bututun siriri ne kuma ramin turakun ko gwiwa bai kai ba. Rani ya wuce lafiya. Ranar da iskar farkon damina ta taso, irin wadda take zuwa da jar ƙura kafin ruwa, ta shiga ƙarƙashin rumfar ta ɗaga ta gaba ɗaya kamar faifai ta kifa a kan kunyoyin tattasai. Da safe na je na tarar da shi tsugune yana tsince gilashi ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙasa da hannunsa, bai ce min komai ba, kuma har yau abin yana damuna dan na gani ban faɗa ba. Fanel a sama ba nauyinsa ne matsala ba, kilo 27 ko 28 ne kowanne, iska ce take shiga ta ƙasa ta cira shi sama. Turaku su zama bututu mai kauri wanda ba ya tsatsa, rami ya kusa mita ɗaya a zuba kankare, a sa ƙarfen tokare a kusurwa, a ɗaure fanel da ƙusoshi masu noti ba waya ba. Ƙasar fadama tana laushi in ta sha ruwa, ka ƙara zurfi, in kuma wurin ambaliya tana kai masa to nemi tudu-tudu.

Wani ƙaramin abu da yake ɓata aiki shine ɗigar ruwa. Duk ruwan saman da ya sauka a fanel a gefe ɗaya yake zubowa, daga tsayin mita 3, layi ɗaya. Bayan ruwa biyu uku za ka ga ya haƙa 'yar kwata a ƙasa miƙe kamar an ja da igiya, latas ɗin da ke wurin ya kwanta cikin taɓo, saiwarsa a waje, tsakiyar ƙarƙashin fanel kuma a bushe. Maganinsa ko ka daidaita ɗigar ta faɗa a hanyar da ake bi tsakanin kunyoyi, ko ka sa indararo ka tara a tanki. Ruwan ba kaɗan bane, milimita ɗaya a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, inda ake samun milimita 800 a shekara fanel shidan nan kaɗai za su tara maka sama da lita 12,000. A Jodhpur ta Indiya, cibiyarsu ta binciken noman ƙasar fari haka ta yi, ruwan da aka tara daga fanel shi ake wanke shi da shi a kuma shayar da shuka.

Wanki dole ne, musamman da hunturu, ƙura tana iya cinye maka wuta sosai cikin 'yan kwanaki. Tunda a sama yake ka tanadi doguwar sanda mai soso da tsani mai kyau, a wanke da sassafe ko da yamma gilashin yana sanyi, da ruwa zalla ba omo ba dan duk abin da ka zuba a kan shukarka zai sauka. In za a yi feshi a yi lokacin da babu iska kar maganin ya manne a gilashi, kar kuma a ƙona kara ko ciyawa kusa da wurin.

Ka tambaya ko fanel yana fitar da wani abu mai cutar da shuka ko mai cin ta. A'a, gilashi ne da alminiyom da silikon a rufe, inuwa kawai yake yi. Wanda ya fashe dai a cire shi kar a bar shi a gona. Abin tsoron na gaskiya wutar ce, fanel da aka jera a layi ɗaya suna haɗa wutar lantarki mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, ga ƙasa jiƙe ga yara ba takalmi. Wayoyi su bi ta sama cikin bututun roba, wanda zai sauko ƙasa a binne shi da zurfin da fartanya ba za ta kai ba, a yi wa ƙarfen atin mai kyau, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, da abin kare tsawa, akwatin kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa famfo, a ɗaga shi a sa kwaɗo. In akwai batir mai ruwa to shi ne mai guba, dalma ce da asid, kar ya zauna a ƙasar noma. Ɓarayi kuma tsayin yana rage musu sauƙi amma ba ya hana su, a ɗan taɓa kan notin da walda, kuma ya zama kusa da bukkar mai gadi.

Dabbobi ma suna shiga lissafin. A Turai da Amurka tumaki ake sakawa su cinye ciyawar da ke ƙarƙashin manyan tashoshin sola, dan tunkiya kanta a ƙasa yake ba ruwanta da waya. Akuya kam a'a, hawa take yi ta tauna duk abin da ta samu, saniya kuma ta soshe jikinta da turke har ya karkace. In kana turke ragunan layya ko kana da kaji da zabi, wani ɓangaren rumfar zai musu daɗi da bazara.

Wani abu kuma tunda ruwan sola ba a sayen mai, sai mutum ya kunna famfo tun safe ya tafi hira, ruwa ya yi ta kwarara har rijiyar maƙwabci ta ja baya. Ƙasar da ke inuwa ba ta bushewa da wuri, in ka ba ta ruwa daidai da na fili saiwa za ta ruɓe, ga ciwon ganye da danshi ke kawowa musamman da damina. Ka dinga tona ƙasar da yatsa kafin ka sake mata ruwa, ka raba kunyoyin inuwa da na rana wajen shayarwa.

Abin da ya sa na damu da wannan harkar har nake dogon rubutu, manyan tashoshin sola sun fara zuwa mana, ga na Kumbotso a Kano mai megawat 10, ga na Malbaza da na Gorou Banda a Nijar, kuma wasu na tafe. Kowane megawat ɗaya yana cin fili kamar hekta ɗaya da rabi zuwa biyu. In aka bi yanda aka saba, a karɓi gona a biya diyya sau ɗaya a share a zuba tsakuwa a kewaye da waya, mai gonar ya cinye kuɗin cikin shekara biyu, 'ya'yansa su tashi ba gona, wutar kuma ta bi layi ta tafi birni, inuwar giginya kenan na nesa ka sha. Alhali da an ɗaga ƙarfen ko an buɗa layukan, mutanen nan za su ci gaba da noma da kiwo a wurin, su ne ma za su zama masu gadi da masu wanki. Ina so manomanmu su san ana yin haka a duniya tun kafin a zo musu da takarda a ce su sa hannu.

Kai dai yanzu ga abin da za ka yi a wannan ranin. Ka kafa na famfon a sama yanda na faɗa, ka ɗebi iri ɗaya rana ɗaya, rabi a ƙarƙashi rabi a fili kusa da shi, taki ɗaya, ka samu ɗan littafi ka dinga rubuta ranar da ka ba kowanne ruwa da kwando nawa ka tsinka da kuɗin da aka saya, har da wanda ya ƙone aka zubar. Gani ya kori ji, zuwa saukar damina lambunka da kansa zai gaya maka ko ka ƙara. Kafin nan ka turo min zurfin ruwan rijiyarka a watan Afrilu ba na yanzu ba, da faɗin bakin injin da kake amfani da shi inci nawa ne, da awa nawa kake kunna shi a rana, sai in lissafa maka girman famfo da adadin fanel ɗin da zai ɗauke shi.